Masu Tara Sojojin Dalma da Kakanninmu da Suka Je Bama



A ranar 15 ga Agustan 2025 aka cika shekara 80 da Japan ta miƙa wuya, abin da ya rufe Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnatoci sun shirya faretinsu, gidajen rediyo sun tono tsofaffin muryoyi. Akwai kuma wasu mutane a Ingila da Amurka da Jamus waɗanda shirinsu daban ne, wato masu tara 'yan sojojin dalma. Yawancinsu dattawa ne masu furfura, wasu ma har da jikoki. Duk sa'ad da irin wannan rana ta matso, sai su zuba wa kamfanoni ido su ga wace runduna za a zuba a bana, wane janar za a fitar, wace igwa ko motar yaƙi za ta biyo baya. Haka suka yi a 2014 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika shekara 100 da somawa, haka a 2015 da aka tuna da gwabzawar Watalu ta 1815, haka kuma a 2024 da aka tuna da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ranar 6 ga Yunin 1944. Sau da yawa adadi ƙayyadadde ake fitarwa, saboda haka mutum yakan biya kuɗinsa tun kaya ba su iso ba, don kada ya tashi a tutar babu.

Mun san abin da mutumin Zango zai fara faɗa idan ya ji wannan labari: ƙoshi ne ya yi musu yawa, babba da gemunsa yana wasan yara. Mu kuwa muna ganin gara a dakata da dariyar, domin akwai wata tambaya a cikin wannan wasa da ta shafe mu kai tsaye.

Bari mu fara da ita kanta sana'ar. Jamusawa ne suka daɗe suna riƙe da kasuwar sojojin wasa, har zuwa 1893 lokacin da gidan William Britain na Landan ya fito da wata dabara. Sai a zuba narkakkiyar dalma cikin mazubi, a juye ta waje tun cikinta bai daskare ba, a bar ɓawon kawai. Soja ya fito da rami a cikinsa, ƙarfe kaɗan ya ci, farashi ya sauka, ɗan talaka ma ya samu. Tsawon da ya zama ma'auni shi ne milimita 54, kusan tsawon ɗan yatsa. A 1966 aka daina irin wannan zubi saboda gubar dalma, roba ta maye gurbinta a hannun yara, na ƙarfen kuma ya koma kayan manya. A yau kamfanoni irin su King & Country da ke Hong Kong suna fitar da guda ɗaya mai fentin hannu wanda yakan kai dala 50. Akwai bajekoli na musamman a Landan da Shikago. Attajirin nan na Amurka Malcolm Forbes ya taɓa tara fiye da guda 100,000 a wani gida da ya mayar gidan tarihi a Tanja ta Maroko, a nan nahiyarmu.

Abin lura shi ne yadda waɗannan mutane suke ɗaukar al'amarin. Kafin mai tarawa ya saya, sai ya bincika ko launin rigar ya dace da na wannan shekarar, ko maɓallan sun cika, ko wannan bataliya ta riƙe irin wannan bindiga a wannan fage. Idan kamfani ya kuskure alama guda a hula, sai ka ji ana ta muhawara mako da mako. Ta haka ne jikan wani direban tanka yake sanin sunan rundunar kakansa, da garin da ta yada zango, da ranar da ta ƙetare kogi. Wanda aka zuba siffarsa ana tunawa da shi, ana karanta tarihinsa, ana neman sunansa. Wanda ba a zuba ba sai ya zama kamar bai halarci yaƙin ba.

To su wa ke kan waɗannan kantoci? Sojojin Napoleon, dakarun lema na Amurka, masu tsaron fadar Ingila da jajayen rigunansu, sai Jamusawa iri-iri. Idan an tuna da baƙar fata, galibi Zulu ne yake rugowa da mashi don a harbe shi, ko askarawan Gabashin Afirka, ko tirayan Faransa da jar dara. Na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama sai an tona kafin a gan su, alhali runduna biyu cur suka je daga wannan yanki.

Mu tuna wa juna abin da ya faru. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya kafa wata 'yar ƙaramar runduna a Legas wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga irin wannan tushe aka gina 'yan sandan ɗamara na Gwalkwas a 1879, waɗanda suka zama rundunar soja a 1901. Hausa ta zama harshen bariki, har taken rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Ba duk wanda Bature ya kira Bahaushe ne Bahaushe ba. Akwai Gurunshi da Dagomba da Moshi da Zabarmawa da Fulani, amma harshenmu ne ya haɗa su, a zangunanmu kuma da yawansu suka sauka bayan sallama, suka yi aure, suka haifi waɗanda muke salla sahu ɗaya da su a yau. A watan Agustan 1914, a ƙasar Togo, Alhaji Grunshi na wannan runduna ne tarihin Ingila ya rubuta a matsayin sojanta na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Barikin Kamina na Tamale sunan wurin da Jamusawa suka miƙa wuya ne a wancan watan.

A yaƙi na biyu kimanin mutum 65,000 ne suka shiga kaki daga Gwalkwas. Sun fara da Italiyawa a Gabashin Afirka da Habasha a 1940 da 1941. Filin El-Wak na Ankara da barikin Uaddara na Kumasi sunayen fagagen wancan yaƙi ne. Daga nan aka haɗa su da 'yan Najeriya da Saliyo da Gambiya aka kafa Runduna ta 81 da ta 82, aka tsallaka da su Indiya, sannan Bama. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi sai dai jirgin sama ya jefo. Daga inda aka jefo kuwa a ka ake ɗauka, domin rundunar tana da dubban 'yan dako waɗanda yawancinsu adda ce kawai makaminsu. Alamar ta 81 baƙin gizo ne, Ananse na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan Gizon tatsuniyarmu. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gicciye a kan gammo. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung, wanda barikin sojan Takoradi ke ɗauke da sunansa har yau. Muna wuce waɗannan sunaye a mota kullum, muna faɗa wa ɗan kamasho ya sauke mu a Burma Camp, amma yaranmu nawa ne za su iya cewa ga dalilin sunan?

Wani zai ce, to kuna so ne mu ma mu shiga zuba mutum-mutumi? Ba nan muka dosa ba. Mun yi karatu a gaban malamanmu na Malikiyya, mun san hukuncin sura mai inuwa ta abu mai rai idan gaɓoɓinta sun cika, mun kuma san rangwamen da aka yi wa 'yar tsana ta yara mata saboda abin da aka ruwaito game da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Wanda yake son fatawa a kan ajiye irin waɗannan siffofi ya nufi malamai, su ne ma'abota wannan magana. Abin da muke kwaɗayi daga masu tarawa shi ne himmarsu da bin diddiginsu. Suna da lambar soja da takardar sallama da taswira kuwa babu wanda ya taɓa cewa akwai laifi a adana su.

Akwai kuma aibi a cikin wasan nasu da bai kamata mu kwaikwaya ba. Sojan dalma ba ya zazzaɓin cizon sauro, ba ya atuni, ƙafarsa ba ta ruɓewa cikin taɓon damina. Yana tsaye tsaf cikin gilashi, rigarsa ba ƙura, fuskarsa ba tsoro. Yaƙin da ake jerawa a kan kanta yaƙi ne da aka wanke shi tas, kuma mai kallonsa kullum yana iya mantawa cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan siffofi ɗan wata uwa ne. Ɗan dako mai gammo, wanda ya hau tsauni da akwatin harsashi a kansa, shi ne mafi wuyar samu a irin waɗannan kantoci, domin babu ƙawa a cikin aikinsa, ko da yake in ba don wuyansa ba da rundunar ba ta motsa ba.

Idan za mu tuna, to mu tuna da gaskiya duka, mai daɗi da mai ɗaci. Waɗannan sojoji da ake kira Hausawa su ne Bature ya sa a gaba a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, suna kuma cikin ganuwar Kumasi a 1900 lokacin da Yaa Asantewaa ta jagoranci yi mata ƙawanya. Wannan ganuwa ita ce gidan tarihin soja a yau. Mu baƙi ne da aka ba mu masauki a ƙasar nan har muka zama 'yan gida, saboda haka ba zai yi mana kyau mu riƙa kirari da wannan babi ba, ba zai kuma yiwu mu yage shi ba. Wasu sun shiga soja don yunwa, wasu don tserewa daga bauta, wasu sarakunansu ne suka miƙa su don cika adadin da aka yanka musu. Mai faɗin tarihin gidansu da adalci shi maƙwabta suke saurara idan ya zo faɗin alherin da gidan ya yi.

Alherin kuwa akwai shi. Sojojin da suka dawo daga Bama sun tarar da alkawuran aiki da fensho sun bi ruwa. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar kokensu, aka buɗe musu wuta a mararraba, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya ita ce ta girgiza mulkin mallaka, shekara 9 bayan haka Ghana ta samu 'yanci. Duk gidan Zango da yake da tsohon soja yana da rabonsa a wannan tarihi, kuma wannan hujja ce a hannunmu duk ranar da wani ya tashi yana tambayar ko mu 'yan ƙasa ne.

Sai dai hujja ba ta tsayuwa da baki kawai. A Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa da kanta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da 'yan Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Waɗanda aka rubuta ma, sau da yawa sunan ƙabila ko na gari aka liƙa musu a madadin sunan uba, wannan Moshi, wancan Kano, wancan Zabarma. Idan iyali ba su riƙe lambar sojan kakansu ba, gano shi a cikin takardun gwamnati ya zama neman allura cikin ruwa. Mu da ke riƙe da littafin fada muna ganin yadda abin ke salwanta. Tsoho ya rasu, a raba gado, akwatin ƙarfensa ya faɗa hannun wanda bai san darajarsa ba. Takardar sallama gara ta cinye, lambobin yabo kuma dillalin kayan da ya saye su da kuɗin cefanen yini guda. Daga nan sai su tsallaka teku, su faɗa hannun irin waɗancan masu tarawa da muke yi wa dariya, su goge su, su sa a gilashi, su binciko sunan mai su fiye da yadda jikokinsa suka sani.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kowane gida da ya san kakansa ya yi soja, a buɗe akwati a duba. A ɗauki hoton takardar sallama da lambobin da waya, gaba da baya, a rubuta lambar soja da bataliya da sunan da aka san shi da shi a gida da wanda aka rubuta masa a bariki. A zauna da tsofaffin mata, domin su ne suka ji labarin da maza ba su faɗa a zaure ba, a naɗi muryarsu tun suna raye. A kawo kwafi fadar sarkin unguwa a shigar cikin littafi guda, asalin kuma ya zauna a gidansu, kada a sayar. Malaman makarantun Islamiyya su ɗauki ɗalibai su kai su gidan tarihin soja na Kumasi ko maƙabartar yaƙi ta Osu, su karanta sunayen da ke jikin duwatsu, su yi wa Musulmin cikinsu addu'a. Yaranmu da ke ƙera mota da gwangwanin madara da waya ba su rasa basira ba, labari ne ba a ba su ba.

Waɗanda suka je Bama suna samari, wanda ya rage a cikinsu yau ya doshi shekara 100. Kamfanonin can sukan fitar da sababbin kayansu a kan lokaci, masu saye kuma sukan biya tun kafin su fito. Namu aikin bai buƙaci dala ba, takarda da alƙalami da zama gaban tsofaffi ne, kuma idan ba mu yi yanzu ba, zagayowa ta gaba ba za ta tarar da mai ba da labari ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka dawo da waɗanda ƙasar wasu ta rufe, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare 'ya'yanmu daga ganin yaƙi. Amin.