Babba-da-jaka da Ragon Maza

Jama'a, kakanninmu gwanaye ne wajen laƙabi. Sun ga tsuntsu da jaka a wuya, ko anini babu ciki, suka ce babba-da-jaka, sai ka ce attajirin Kurmi da ya karye. Wani kuwa tashi yake wa ƙyuya, suka ce ragon maza. Ko ajinmu ba a rasa danginsa ba.

Amma fa abin ya wuce dariya. Ana cike kududdufan Kano, ungulu ma da ke cika mayanka a dā, tun 2015 masana suka sa ta cikin masu shirin ƙarewa. In tsuntsu ya tafi, sunansa kan bi shi. To, mu tambayi tsofaffin birni, mu rubuta sunayen nan tun suna raye.