Zuwa ga masu sa barci a ɗakunan tiyata na Tambuwal da Kebbe

 

'Yan'uwa, kada lambar da ke kan na'urar awon jini ta sa ku saki jiki. Ga mace an kawo daga ƙauye bayan doguwar naƙuda, ba ta fi shekara 20 ba. Jiki irin nata yakan matse jijiyoyinsa ya riƙe awon daram, har sai ta zubar da wajen kashi 30 cikin ɗari na jininta. In kuma ketamin aka yi mata, shi ma ɗaga awon yake yi. Sai a ga 110 bisa 70, hankali kwance, alhali jini na ta tsiyaya a ciki. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri: da zarar ya kamo lambar sama ko ya wuce ta, a ƙara ruwa, a aika neman jini, a faɗa wa mai wuƙa da babbar murya. Ku taɓa tafin hannunta ku ji ko ya yi sanyi. Ku danna farce ku saki, ku ga jan ya dawo nan take ko yana jan ƙafa.

Allurar baya kuwa akasin haka take, cikin 'yan mintoci awon kan faɗi. A riƙa aunawa kowane minti ɗaya ko biyu har a ciro jariri, a ɗan karkata uwar hagu don mahaifa ta ɗaga daga kan babbar jijiya.

Maɗaurin damtse ma yana ƙarya. Ƙarami a kan damtse mai kauri ƙara lamba yake, babba a kan siriri kuma ya rage ta; faɗin jakar iskar ya zama wajen kashi 40 na kewayen damtsen. Kada a ɗaura shi a hannun da ke shan ruwa ko mai na'urar yatsa. Ita kuma na'urar yatsa, baƙin lalle da sanyin hunturu kan rikita ta, sai a ɗumama hannun ko a sauya yatsa. Ma'aunin jini na hannu mai famfo, wanda wasu ke rainawa, ya zauna kusa saboda ranar da aka ɗauke wuta janareto ya ƙi tashi.

Saura rubutu, wanda shi aka fi yi wa kasala. Tun 1901 likita Harvey Cushing ya ga na'urar Riva-Rocci a Italiya, ya kai ta Amurka ya shigar da awon jini cikin takardar tiyata. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 ta ce a auna aƙalla kowane minti biyar. Lamba ɗaya ba ta nuna inda maras lafiya ta dosa, sai an jera su. In ta kama a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, takardar ta shiga mota tare da ita, da lokacin kowane awo da adadin ledar ruwan da ta sha.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki.