Hidimar Ƙasa: Wajibi Ta Zama, Amma Ba Da Bindiga Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, akwai masu cewa a soke hidimar ƙasa, akwai kuma masu cewa a mayar da ita aikin soja na dole saboda matsalar tsaro. Ra'ayina shi ne hidimar ta ci gaba da zama wajibi, amma kada a tilasta wa kowa ɗaukar makami. Na zaɓi in ce "hidima" maimakon "bautar ƙasa" da bakinmu ya saba da ita, domin bauta ta Allah ce Shi kaɗai.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa NYSC a ranar 22 ga Mayu, 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa. Manufar ita ce a kai wanda ya kammala karatu wata jiha da ba tasa ba, ya zauna shekara guda cikin mutanen da labarinsu kawai yake ji. Wannan manufa ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta nuna cewa hikimar rarraba mu ƙabila-ƙabila ita ce mu san juna.

Mu mutanen Kaduna mun fi kowa sanin abin da rashin sanin juna yake jawowa. Rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 sun raba garin nan gida biyu. Yawancin Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogi, su Tudun Wada da Rigasa, yawancin Kirista kuma suka koma kudu, su Sabon Tasha da Television da nan Romi. Yaron da aka haifa bayan wannan rabuwa yanzu ya zama magidanci, kuma sau da yawa bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan ƙetaren gada ba. Wanda ba ka sani ba kuwa, duk ƙaryar da aka faɗa maka a kansa za ta shige ka.

To me ya sa ban yarda da aikin soja na dole ba? Na farko, a wajen malamai tsaron al'umma farali ne na kifaya, idan wasu suka tsaya masa ya faɗi a kan saura. Manzon Allah (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar gida a ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, ya kuma mayar da wani mutum ya je ya kula da mahaifansa. Na biyu, soja sana'a ce mai buƙatar zaɓe da dogon horo, kuma ga NDA a Kaduna da Depot a Zariya suna karɓar masu so da kansu. Na uku, wanda ya fi ba ni tsoro: ka koya wa dubban matasa harbi, sannan bayan shekara ka sallame su ba aikin yi, a ƙasar da 'yan bindiga ke neman ma'aikata. Wannan ajiye fetur ne kusa da murhu.

Masu neman a soke hidimar ma suna da hujjar da ba za a raina ba. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe kimanin matasa goma masu hidima a Jihar Bauchi. Wannan zalunci ne, babu ayar da ta halatta shi, kuma baƙon da ya zo koyar da 'ya'yanmu amana ne a wuyanmu. Hukumar da ta wajabta wa yaro barin gidansu, to kare ransa ya wajaba a kanta. Alawus ɗin da aka ɗaga daga Naira 33,000 zuwa 77,000 ba zai biya ran ko mutum ɗaya ba.

Don haka gyara nake nema. Kada a tura kowa inda ba a iya kare shi. A mutunta suturar 'yar'uwa Musulma da lokutan ibadar kowa a sansani. Sannan a buɗe ƙofa ga waɗanda ba su je jami'a ba, domin tsarin yanzu na masu digiri da babbar difloma ne, alhali matasan da ake fitarwa titi ranar rikici galibinsu ba su cikin wannan layi. Ko wata shida ne, a haɗa ɗan Rigasa da ɗan Romi su yashe kwata ɗaya, su gyara aji ɗaya, su taimaka a asibiti ɗaya.

Kai kuma ɗan'uwa da takardar kira ta iso maka, kada ka sayi canjin jiha da cin hanci ko takardar asibiti ta ƙarya. Idan kana da uzuri na gaskiya, bi hanyar da doka ta tanada. Idan babu, gyara niyya ka tafi. Wataƙila kai ne Musulmi na farko da mutanen wannan ƙauye za su zauna da shi, kuma da halinka za su auna addininka.

Allah ne mafi sani. Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.