Wayar da na saya da gumina, ta wa ce?

A ce mutum ya shiga kasuwa a Yawunde ko Garwa, ya taya waya, aka yi ciniki, ya ƙirga kuɗinsa ya miƙa, mai shago ya ce Allah ya sa albarka. Ya koma gida ya sa layi. Kafin ya kira kowa sai ga saƙo yana shaida masa cewa hukumar duwan tana bin sa kashi 33 cikin ɗari na kuɗin wayar, ko dai ya biya gaba ɗaya, ko a riƙa yanka daga kuɗin katinsa kullum har bashin ya ƙare. Wannan shi ne tsarin da gwamnatin Kamaru ta shirya farawa ranar 15 ga Oktoban 2020, bisa wani sashe na dokar kasafin kuɗi ta 2019. Kowace waya tana da lambar shaida da ake kira IMEI, kuma da zarar ta hau layi kamfani yana ganinta. Da wannan lambar aka yi niyyar bin mai saye har cikin ɗakinsa.

Hujjar hukuma ita ce fasa-ƙwauri ya cinye kuɗin fito na wayoyi. Gaskiya ne, kuma ba zan yi mana ƙarya ba, a cikin masu shigo da kaya ta bayan gida har da namu. Amma wanda ya tsallake shinge da kwali ɗari shi ne mai laifi, da wanda ya kau da kai ya bar shi ya wuce. Tsohuwar da ɗanta ya saya wa ƙaramar waya don ta riƙa jin muryar jikoki me ta fasa? An bar jaki ana dukan taiki. Kakanninmu fatake sun san fito tun kafin a zana waɗannan iyakokin. Madugu yakan tsaya a ƙofar gari ko a mashigin kogi ya biya abin da aka yanka, ayari ya wuce. Ba mu taɓa jin sarkin da ya bi goro har bakin mai tauna ya ce a biya shi kason ƙofa ba.

Mutane sun yi ca a intanet ƙarƙashin taken #EndPhoneTax, da irin su Rebecca Enonchong a gaba, kuma cikin ’yan kwanaki fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin a dakatar. Mun yi murna. Sai dai kalmar da aka yi amfani da ita dakatarwa ce, kuma tunanin da ya haifi dokar yana nan daram: cewa abin da ke aljihunka aro ne, hukuma ta ba ka riƙo, tana iya miƙa hannu cikinsa duk ranar da ta ga dama. Da wannan tunanin nake faɗa, domin ya fito da fuskoki da yawa.

Fuskarsa mafi muni mun gan ta ranar 17 ga Janairun 2017, da aka katse intanet ɗungurungum a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, ba a maido ba sai 20 ga Afrilu. Wata uku da ’yan kwanaki. Babu kotun da ta zauna, babu wanda aka gurfanar aka ce ga laifinka. Umarni ne ya sauka kan kamfanonin waya, suka rufe famfo. Bankuna suka tsaya, aikawa da kuɗi ta gagara, matasan Buya masu sana’ar kwamfuta suka koma ’yan gudun hijira, har sai da suka kama haya a Bonako, kan hanyar Duwala, don su sami layi. Yaron nan na Bamenda, Nji Collins Gbah, ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Google Code-in, a cikin wannan duhun nasararsa ta same shi, sai da ya tafi Yawunde kafin ya ci gaba da aikinsa.

Da yawa daga cikinmu a lokacin mun ce rigimar masu Turancin Ingilishi ce da gwamnati, ba ruwan Bahaushe. To, wa ke zaune a Abakwa, tsohuwar unguwar Bamenda? Wa ke unguwar Hausawa ta Kumba? Mahaucinmu da dillalin shanunmu da mai shagon atamfarmu, waɗanda ba su taɓa ɗaga kwali ba, su ma sai da suka shiga mota zuwa Mbuda ko Bafusam kafin su ga saƙon abokin ciniki. Almakashin da ya yanke layi bai tambayi kowa yarensa ba. Kuɗin da suka zuba a kati kuwa, wanda suka saya don a ba su hidima, ya ƙone a banza.

A nan nake so in tsaya kaɗan, domin a ganina mu wannan al’amari ya fi shafa, mu kuma muka fi yin shiru. Rayuwar Bahaushen Kamaru a warwatse take tun asali. Uwa tana Marwa, yaya yana Kano, ƙanwa tana aure a Injamena, kaya suna tahowa daga Duwala, malamin da ake sauraron karatunsa yana Zariya ko Damagaram. A da, wasiƙar ajami ce ke ɗinke wannan zumunci, a ba direba ko ɗan tireda ya kai. Yau saƙon murya na WhatsApp ne ya gaje ta. Dattijon da bai zauna ajin boko ba, bai iya Faransanci ba balle Ingilishi, yana danna ’yar alama ya yi magana da harshen uwarsa, a ji shi a Makka. Sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, farashin albasa, tafsirin azumi, hoton jaririn da aka haifa, duk ta nan suke bi. Wanda yake da gidan rediyo da jarida da makaranta a harshensa, in aka rufe masa intanet ya rasa ƙofa ɗaya cikin goma. Mu kusan ita ce ƙofar.

Sai kuma dokar da ke rataye a wuyan duk mai waya ko da layi yana aiki. Dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamban 2010, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ko tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko duka biyun, ga wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwar zamani bai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba. A Janairun 2017 ma’aikatar sadarwa ta aika wa jama’a wannan gargaɗi kai tsaye cikin wayoyinsu. A lura da inda aka ɗora nauyin: mai waya ne zai tabbatar da cewa abin da ya tura gaskiya ne, ko aƙalla yana da dalilin gaskata shi. Wane ne cikinmu zai iya kawo shaida a kan kowane saƙo da ya tura a zauren dangi? In mace ta ce an ce sojoji sun tare hanyar Mora, kada a fita, tana ceton rai ne ko tana yaɗa jita-jita? Dokar da kowa ke iya faɗawa cikinta ba za a kama kowa da ita ba. Za a ajiye ta ne, a zaro ta ranar da ake son wani.

Kada a ce ina zuzuta abu. Fomusoh Ivo Feh da abokansa biyu, samari ne, kotun soja ta yanke musu shekara 10 a 2016 saboda saƙon barkwanci a kan Boko Haram da suka tura wa juna ta waya, ko da yake da wata dokar daban aka kama su. Ahmed Abba, wanda muke jin muryarsa a sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a Yulin 2015, bai shaƙi iskar waje ba sai Disamban 2017. Shirunmu bai fito da shi ba. Hayaniyar da wasu suka yi dominsa ce ta taimaka.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Ƙarya tana yawo a Facebook, ana zagin ƙabilu, ana tura hotunan gawa na wata ƙasa a ce a nan ne. Mutanen Arewa Mai Nisa sun ɗanɗana ta’addanci, ba sai an ba su labari ba. Amma ina so a nuna mini abin da rufe layi ya gyara. An yi wata uku ana duhu a Bamenda da Buya, kafin shekarar ta ƙare rikicin ya rikiɗe ya koma na bindiga. Maƙwabciyarmu Cadi ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 har Yulin 2019, wata 16. Masu hali suka sa manhajar VPN, wadda ke ɓoye hanyar da saƙo ya bi, suka ci gaba da harkarsu. Talaka ne ya zauna a waje. Wanda ya shirya ɓarna kullum yana da wata hanya. Kuma jita-jita ta fi ƙiba inda aka hana mutane hanyar tantancewa, duk wanda ya taɓa zama a tasha ranar da aka ce an yi juyin mulki ya san haka.

Ko a Afrilun 2024, da duwan ta ba da umarnin ƙwace kayan Starlink a kan iyakoki, da sunan rashin lasisi da tsaron ƙasa aka yi. A nemi lasisi daga kamfani, wannan haƙƙin hukuma ne, ban ja ba. Tambayar da ba a amsa ba ita ce me ya kai ɗan kasuwa sayen faranti mai tsada daga waje, in da layin da ke garinsa yana aiki.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kada a sake katse wa wani yanki intanet sai da hukuncin alƙali, a rubuce, da wa’adi, a kuma biya mutane abin da suka yi asara. A karɓi fito a tashar jirgin ruwa da kan iyaka, daga hannun mai shigo da kaya, kada a toshe ko a caji wayar da ta riga ta shiga hannun mai saye. A gyara sashe na 78, ya zama mai ƙara ne zai tabbatar da cewa mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa, kuma ta cutar da wani.

Ga sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamanmu, da shugabannin ’yan kasuwa: ana ce mana baƙo raɓa, mu ma mun karɓa mun sa a ka, alhali kaburburan kakanninmu suna Gaundare da Tibati da Banyo, muna da katin ɗan ƙasa, muna biyan haraji, muna jefa ƙuri’a. ’Yan siyasa sun san hanyar zaurukanku idan zaɓe ya ƙarato. Harajin waya da ya tayar da ƙura a Oktoban 2020, tun ƙarshen 2018 majalisa ta amince da shi, ya kwanta kusan shekara biyu a takarda, cikin Faransanci da Ingilishi, ba wanda ya karanta mana. Kasafin kuɗi yana zuwa gaban majalisa a zaman Nuwamba na kowace shekara. Muna da ’ya’ya lauyoyi da akantoci. A sa biyu ko uku su karanta daftarin bana, su fassara duk abin da ya taɓa waya da intanet zuwa Hausa, su naɗa a saƙon murya na minti biyar, a tura zauruka tun kafin ’yan majalisa su ɗaga hannu.