Sharhi: Launin Da Ake Dasa Wa Shuka Da Makomar Manomin Zoɓo

A watan Janairun 2025 ne Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta soke izinin zuba wani jan launi mai suna Red 3, wanda ake haɗawa daga man fetur, a cikin abinci. Wannan mataki ya ƙara tura kamfanonin alewa da na lemon kwalba neman launin da ake tatsa daga tsirrai, duk da tsadarsa.

Masana kimiyya dai sun daɗe suna shirin wannan ciniki. Tun a 2008 ƙwararru a Cibiyar John Innes ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Cathie Martin, suka ɗauko ƙwayoyin halitta biyu daga wani furen lambu suka dasa wa tumatir, sai ya fito da launin shunayya ciki da waje. A 2022 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta amince a noma shi.

Abin da ya kamata Nijeriya ta lura da shi shi ne, sinadarin da ya rina wannan tumatir, wato antosayanin, danginsa ne ke ba zoɓo jansa. Manoman Jigawa da Kano kuwa sun daɗe suna shanya zoɓo, ana ɗura shi a buhuna zuwa Meziko da ƙasashen Turai. Gaskiya ne akasarinsa abin sha ake yi da shi, amma duk ranar da wani kamfani ya mallaki irin shukar da ke ba da wannan launi ninkin-ba-ninki a gonar da ke kusa da masana'antarsa, mai sayen zoɓo don launi ba zai ƙara waiwayar Maigatari ba. An taɓa ganin irin haka: a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban rini na haɗi, kuma cikin shekaru ƙalilan noman baba a Indiya ya durƙushe.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ta kafa hukumar da ke tantance irin waɗannan tsirrai a 2015, kuma a 2019 ta amince da waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, mai jure tsutsa. Sai dai muhawarar ta tsaya a kan lafiyar mai ci, wadda ba a raina ta ba, aka bar maganar wanda zai mallaki iri da kuma ribarsa.

Ya dace Gwamnatin Tarayya ta ware wa Samaru kuɗin binciken launin zoɓo, baba da karan dafin da majema ke rina jar fata da shi, ta kuma rangwanta haraji ga duk wanda zai kafa masana'antar tatsar launi a Dutse ko Kano, domin a riƙa fitar da shi a gwangwani maimakon buhu.