Kafin Ku Jefar Da Motar Rimot Ɗin Yaronku



Duk Sallah akwai wasu kuɗi da iyaye ke zubarwa ba tare da sun lissafa ba. Ka shiga Kano, ka biya ta kasuwar Sabon Gari, ka sayo wa yaro motar rimot mai manyan tayoyi, ka hau motar Gwarzo ka kai masa har gida a Madadi. Ranar farko tsakar gida ta cika da yaran unguwa. Kafin a gama yawon Sallah mota ta tsaya cak. Yaro ya samo wuƙa ya kwance ta, ya sha duka, tarkacen kuma a share a kai juji. An yi asara biyu ke nan: ta kuɗi, da ta darasin da yaron ya fara koya wa kansa aka katse shi da bulala.

Ƙera motar wasa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Yawancin iyaye maza da ke karanta wannan shafi sun yi motar kara bayan an girbe dawa, sun yi ta langa-langa da gwangwanin madara, sun yanka tsohon silifas sun yi taya, sun ɗaura dogon sitiyari na waya. Abin da ya ƙaru yau shi ne batir da ɗan injin lantarki da rimot. Hannun da ya iya wancan zai iya wannan, in ya samu mai nuna masa.

Iri biyu ne, ku san wanda kuke saye

A ƙasashen da wannan wasa ya yi ƙarfi, manya ma suna yin sa. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, kuma har yau yana sayar da motoci a warwatse cikin kwali, mai saye ne zai haɗa da hannunsa. Akwai kuma Traxxas na Amurka. Girman da aka fi yi shi ne kashi 1 cikin 10 na motar gaske. Irin waɗannan, duk abin da ya lalace ana kwance shi a sa sabo, kuma sitiyarinsu na juyawa gwargwadon yadda ka murza.

Wadda ta fi yawa a kasuwanninmu ita ce ta wasan yara zalla. Sitiyarinta dama ne ko hagu, babu tsaka-tsaki, kuma ba a sayar da kayan gyaranta. Araha ba ta ado, amma ita ma ana iya tsawaita ranta. In za ku saya, ku duba abu uku: a ce da sukurori aka ɗaure ta, ba liƙe ta aka yi ba, a ce cikinta ya yi nisa da ƙasa, sannan a ce an rubuta 2.4GHz a jikin kwalin. Masu 27MHz na da, in yara biyu suka kunna a wuri ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya riƙa tuƙa motar wancan, daga nan sai faɗa.

Abin da ke kashe ta a ƙasarmu

An ƙera yawancin waɗannan motoci ne don daɓen siminti. A Madadi da ƙauyukan Gwarzo da Kabo kuwa, rairayi ne da tsakuwa da ƙurar hunturu. Idan mota ta tsaya, kada a yanke mata hukunci sai an duba wurare huɗu. Na farko, ƙarafan da batir ke taɓawa, ko sun yi tsatsa. A kankare su. Na biyu, waya, ko ta cire daga inda aka liƙa ta da dalma. Duk mai gyaran rediyo ko wayar hannu zai mayar da ita cikin minti kaɗan. Na uku, gashi da zare da suka naɗe a gindin taya. Na huɗu, yashi a cikin giya. In kun ji inji na kuka amma taya ba ta juyawa, galibi haƙoran giyar roba ne suka cinye, ko ƙaramar giyar da ke kan injin ta kwance.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne zuba baƙin mai a kan giyar da ke buɗe. Mai yana kama yashi, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye haƙoran. Tsohon burushin goge baki ya wadatar. Giris kaɗan sai a giyar da ke rufe cikin akwatinta.

Ƙarin da ke da amfani

Masu wannan wasa sun san cewa ba a fara ƙari da gudu. Ana farawa da taya. Tayar roba mai tauri zamewa take yi a kan rairayi. A yanko zobe daga tsohon tif ɗin keke a sanya mata, sai ta riƙa kama ƙasa. Daga nan sai nauyi: batir ya zauna ƙasa-ƙasa a tsakiya, domin motar da nauyinta ke sama da ta hau kunya sai ta kife. Masu manyan motocin sukan cire zoben robar da ke gindin taya su sa ƙananan boris, batir ya ƙara daɗewa domin gogayya ta ragu.

Batun giya kuwa, duk yaron da ya taɓa hawa keke mai giya ya san shi. Idan giyar da ke kan inji ƙarama ce, gudu zai ragu amma ƙarfin hawa zai ƙaru. Idan babba ce, mota za ta yi gudu a kan fako, amma ta kasa tudu, injin kuma ya yi zafi. A ƙasa mai yashi, ƙarfi ya fi gudu amfani. Ku sa yaro ya ƙirga haƙoran giyoyin biyu ya raba. Idan ƙaramar na da 10, babbar na da 50, sai inji ya juya sau 5 kafin babbar ta juya sau 1. Lissafin da yake gudu a aji, ga shi ya zo masa da ƙafarsa.

Batir: nan ne haɗarin yake

Wannan sashe na iyaye ne, musamman ke uwa da kike wuni da su a gida. Yara sun gano cewa batiran da ake cirowa daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ko fitilar caji, waɗanda ake kira 18650, sun fi na shago ƙarfi. Gaskiya ne. Batirin rediyo ƙarami bolt 1.5 ne, huɗu sun ba da 6. Shi kuwa 18650 guda ɗaya 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2, biyu ke nan sun kai 8.4. Motar da aka yi don bolt 6, in aka ɗora mata wannan, za ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, sannan fanel ɗinta na iya ƙonewa.

Ƙonewar fanel mai sauƙi ce. Batirin litiyam yana kama wuta idan aka huda shi, ko wayoyinsa biyu suka haɗu, ko aka yi masa caji fiye da kima. Don haka kada a haɗa shi kai tsaye da batirin babur ko faifan sola, sai da cajar da aka yi dominsa. Kada a yi caji a kan katifa, ko kusa da danga, ko a ɗakin da ake ajiye fetur. A ɗora shi a kan siminti inda babba ke gani, kuma kada a bar shi ya kwana a wuta. Wanda ya kumbura ko ɓawonsa ya yage, a rabu da shi, kada kuma a jefa shi cikin murhu. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, kada a bar shi a rana. Ƙananan batira masu kama da maɓalli da ƙananan maganaɗisu kuma a nisanta su da masu rarrafe. In yaro ya haɗiye ɗaya, a garzaya asibiti nan take, ba a jira a ga abin da zai faru.

Tuƙi ma koyo ne

Bayan girbi, gonakinmu filin tsere ne kyauta: ga kunyoyi, ga burtali, ga fako. A koya wa yaro ya ba da wuta a hankali a cikin yashi, domin in ya danna gaba ɗaya taya rami za ta haƙa. Tudu a fuskance shi kai tsaye, in aka bi ta gefe mota kifewa za ta yi. In ta maƙale a saki rimot, domin injin da ke shan wuta ba ya juyawa shi ne ke ƙonewa. Ban da titin Gwarzo, ban da bakin kududdufi. Sannan a sa lokaci: bayan boko da Islamiyya, ba a madadinsu ba.

Me ya sa muka damu?

Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce birnin Ditroit na Amurka ya karanci zanen motoci, ya yi aiki da General Motors inda ya zana Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da ƙira da bunƙasa motoci. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan tsofaffin motoci da babur, labarinsa ya zaga duniya. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba. Amma wanda ya iya bin waya ya gano inda wuta ta tsaya, ya riga ya taka matakin farko na gyaran sola, da famfon burtsatse, da wayar hannu, sana'o'in da ƙauyukanmu ke nema ido rufe. Jihar Kano na da makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da kwalejojin fasaha, domin irin waɗannan yara. Kuma kada a ware 'yan mata. Sukundireba ba ta san namiji ko mace ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In motar ta sake tsayawa, ku shimfiɗa tabarma, ku ba yaro sukundireba da faranti na zuba sukurori, ku zauna kusa da shi.

Wace irin mota kuka ƙera kuna yara, kuma me yaranku ke ƙerawa yanzu? Ku bayyana mana a wurin sharhi da ke ƙasa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.