Rumfar Kanti da Iskar Farkon Damina

Ranar Talatar makon jiya na sauka a Shika, a bakin titin da ya nufi Funtuwa, na fake a rumfar wani kanti ina jiran rana ta yi sanyi. Na tarar da wata dattijuwa riƙe da kular abinci, ta fito daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga ɗan acaɓa yana gyangyaɗi, ga almajirai biyu. Da na ɗaga kai sai na ga kwanon rufin ya ci tsatsa, ƙusoshi sun zare, dutse kawai aka ɗora ya danne shi. Na ce wa mai kantin, "Alhaji, wannan rumfa tana neman kafinta." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, sai ruwa ya sauka mu ga inda take yoyo."

Amsar nan ce ta sa ni ɗaukar alƙalami, domin ita ce amsar yawancinmu daga Shika zuwa Samaru har kasuwar Sabon Gari. Mun manta cewa rumfa tana fama da yanayi wata 12 cur. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana busar da katako har ya tsage, ƙusa ta yi sako-sako. Ranar bazara, a Maris da Afrilu, tana gasa tampol har ya riƙa yagewa kamar tsohon zane. Sai ruwan farko ya zo, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, kuma duk ɗan Zazzau ya san iska ce ke yi masa jagora. Rumfar da hunturu ya sassauta, bazara ta gasa, ita iska ke fara ɗauka.

Asarar mai kanti a bayyane take: buhun sukari ya jiƙe, atamfa ta yi tabo. Abin da ya fi damuna shi ne fallen kwanon da iska ta fizge. Kaifinsa na wuƙa ne, kuma ba ya tambayar wane ne mai shi kafin ya faɗa kan ɗan makaranta ko ya tsinke wayar lantarki.

Gyaran kuwa ba ya cin dukiya. Da hunturu ya ja baya, a share ƙurar da ta taru, a bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, a sauya katakon da ya tsage. A shafa baƙin mai a gindin ginshiƙi saboda gara. Idan ƙarfe ne, a kankare tsatsa a yi fenti, mai walda ya duba mahaɗa. A ɗaure tampol da gangare, don ruwa ya zurare maimakon ya kwanta ya yi masa ciki. In marka ta kankama a Agusta a sake dubawa, haka ma in damina ta ɗauke a Oktoba.

Ina kira ga shugabannin 'yan kasuwa da su ware rana guda cikin Maris, su zaga layi-layi suna duba rumfuna, su taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da kuɗin kafinta. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rumfar taka ce, Alhaji, amma waɗanda ke zaune ƙarƙashinta 'ya'yan jama'a ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.